Garaje Ba Ƙarfi Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, wasan nan na waya da a ke kira Fantasy Premier League ya shiga ran samarin Keffi ƙwarai, har a gidajen kallon ƙwallo ba a hirar kome sai tasa. Ga yadda ya ke: a kan ba mutum fam miliyan 100 na wasa, ya zaɓi 'yan ƙwallo 15 daga gasar Ingila, kada ya wuce uku a kulob ɗaya. Abin da suka yi a fili shi ne makinsa.

Ni a ganina garaje ke kā da yawancin masu yinsa. Da wani ya ci ƙwallo uku ran Asabar sai kowa ya ruga sayensa, alhali kowane canji da ya wuce na kyauta maki 4 a ke yankewa, tafiyar kuwa ta mako 38 ce.

Ku dubi Mohamed Salah. Daga 2017 zuwa 2025, kaka takwas a jere a Liverpool, bai taɓa cin ƙasa da ƙwallo 18 a gasar ba. Mai irin wannan ɗorewa a ke naɗa kyaftin, tun da makin kyaftin ninkawa a ke yi. Kasada kuwa, a yi ta kan mutum ɗaya ko biyu masu araha. A kuma tanadi benci, gama Kofin Afirka ya kan kwashe 'yan wasanmu ana tsakiyar kaka, kamar na Maroko a Disamba 2025.

Mu da za mu zama malamai, ai mun san ba da jarrabawa ɗaya a ke auna yaro ba, sai an duba aikinsa na shekara. To, haka ɗan ƙwallo. Wassalam.