Tasawa Ba Wurin Rage Gudu Ba Ce

Ku tsaya bakin kwalta a Tasawa da hantsi ku ga yadda ake yi mana. Motar Yamai ta taho a guje ta ɗan rage gudu, 'yan mata su bi ta da farantan dafaffen ƙwai da gyaɗa suna miƙawa ta taga, kafin a gama lissafin canji direba ya taka wuta, sai Damagaram. Rabonmu ke nan a hanyar da aka raɗa wa suna Hanyar Haɗin Kai: ƙura da kuɗin ƙwai.

Garin nan kuwa ba haka ya taso ba. A watan Janairu na 1851 Bature Heinrich Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya iso Tasawa a cikin ayarin gishirin Abzinawa, ya tarar da gari cike da baƙi da ciniki. A lokacin daga arewa hanya take gangarowa kudu, daga Abzin ta Damargu, Tasawa, Gazawa, Katsina har Kano. Raƙuma su sauke gishirin Bilma su ɗauki gero. Fatake su kwana, fatoma ya samu, dillali ya ci la'ada, mai tuwo ta sayar. Zango ne mu, kuma mai zango ba ya bin baƙo da faranti.

Wa ya juya hanyar ta koma yamma da gabas? A 1899 Voulet da Chanoine suka keto ƙasar nan da sojan Faransa, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka yi ta kisa har ƙauyukan Tasawa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe wani hafsan Faransa, Kanar Klobb, a Dankori, kwanaki kaɗan su ma sojojinsu suka gama da su. Kaburburansu na nan a Maijirgi. Kusan sawun waɗannan azzalumai kwaltar take bi. Kakanninmu ne suka share hanyoyin Nasara da aikin tilas, kwandon ƙasa a ka, bulala a baya, har aka soke shi a 1946. Don soja da haraji aka yi su. A 1927 aka ɗauke mazaunin kwamanda aka kai Maraɗi, kasuwar gyaɗa ta bi shi.

To, Nasara ya tafi tun 1960, shi ya sa fushina ya fi tsanani a kan namu. Shekara da shekaru manomin Mayahi yana noma gero da wake, matan Gulbin Kaba suna saƙa tabarmi, amma kafin kayan su kai kwalta amalanke ta sha kafewa a yashi, kuɗin mota ya cinye riba. Kasuwarmu ta asali tana kudu, wajen 'yan'uwanmu na Katsina da Daura, ga shi ƙofar ba a hannunmu take ba. Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wa ya tambayi mai buhun wake ko mai jar akuya? In an buɗe kuma, shinge bayan shinge, kowanne da hannu a miƙe. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano ta Daura, Katsina da Jibiya zai bi ya shiga Maraɗi. Mu ko kukan jirgin ba za mu ji ba.

Manyanmu da ke Yamai, alhazan kasuwa da sarakunanmu, ku daina tafa wa kowane baƙo da ya zo aza tubali. Ku nemi hanya mai ɗorewa rani da damina daga Mayahi ta Tasawa har iyaka, da kuɗin gyaranta a rubuce, da tashar manyan motoci da rumbunan ajiya a garin nan, a kuma rage shingaye. In kun kasa buɗe baki a kan wannan, kada ku ƙara zuwa mana da maganar haɗin kai.