Ƙwaya mai ƙafa takwas da ke kwaikwayon kalangu

'Yan uwa ɗalibai, yawancin waƙoƙin finafinan Hausa da muke ji a waya ba da ganga ko kalangu aka kaɗa su ba. Fiyanon Yamaha ce ke fitar da sautin, kuma abin da ke cikinta lantarki ne da ake sa shi ya yi rawa har sifika ta mayar da rawar ƙara. Na'urar da ke ƙirƙirar sauti ta wannan hanya sunanta sintisaiza. A wannan mako muna so mu nuna cewa ɗan aji huɗu a Yankara zai iya haɗa ƙaramarta da hannunsa.

A 1964 wani Ba'amurke, Robert Moog, ya fito da irin wadda ake haɗawa gunduwa-gunduwa: wannan akwati ya haifi sauti, wancan ya tace shi, wani ya ɗaga shi ko ya sauke, sai a sada su da waya yadda aka ga dama. Dabarar ta yi wa mai koyo daidai, don ba sai ya gina komai a rana ɗaya ba. Kada kuma mu ɗauka harkar Turawa ce kawai. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki faifan kiɗan lantarki da fiyanonsa tun 1978, kuma a Inugu William Onyeabor ya yi aiki da na'urorin Moog.

Gunduwar farko tana buƙatar wata 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafa takwas da ake kira 555. Tun farkon shekarun 1970 ake ƙera ta, kuma har gobe tana cikin masu araha. Sai rezista mai lamba 1k, da maɓallin murɗawa irin na ƙarin murya mai 100k, da kafasita mai lamba 104, da wata mai 10uF, da ƙaramar sifika, da batir mai bolt 9. Sifika da maɓalli matacciyar rediyo za ta ba mu. Ƙwayar kuwa a tambayi masu gyaran rediyo. In babu a gari, a ba mai zuwa Funtuwa saƙo, ko a rubuta lambar a takarda ga mai zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Ana ƙirga ƙafafun daga wajen ɗigon da ke bayan ƙwayar, a sauka gefen hagu a hau ta dama. Ƙafa ta 1 ta tafi gefen batir mai alamar ragi, ta 8 da ta 4 su tafi gefe mai alamar ƙari. Rezista tsakanin 8 da 7. Maɓallin murɗawa tsakanin 7 da 6, ta ƙafarsa ta tsakiya da ɗaya ta gefe. A haɗe 6 da 2, a sa kafasita 104 daga 2 zuwa ragi. Sauti na fita ta ƙafa ta 3, ya bi ta kafasita 10uF ya shiga sifika, ɗaya wayar sifikar ta koma ragi. Ku kwafe wannan a littafinku. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a 2021 mun san intanet ba abin jingina ba ne.

Me ke faruwa a ciki? Kafasita tana cika tana zubarwa, kamar mai ɗiban ruwa da ƙoƙo. In rezista ta matse hanya, cikar ta yi jinkiri, murya ta yi kauri. In aka saki hanya, ta yi siriri. Da maɓallin a ƙarshensa za mu ji bugu wajen 70 a sakan guda, gurnani kamar na injin niƙa daga nesa. A murɗo shi zuwa wajen 16k, bugun ya kai kusan 440, sautin da makaɗan duniya ke daidaita kayansu da shi. Darasin igiyar sauti da muke haddacewa don jarrabawa ke nan, ga shi kunne na ji.

Inda abin ya fi daɗi shi ne nan. Mai kalangu yana matse igiyoyi a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Da haka yake kiran sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kukan yaro sama-sama yake, kukar miya kuwa sama sannan ƙasa. Na'urarmu ma za ta iya. A cire maɓallin, a goga fensir sosai a takarda har layi ya yi baƙi ƙirin, a danna waya ɗaya a bakin layin, a riƙa jan ɗayar a kansa. Baƙin fensir ya zama rezista. A raba aji biyu, wasu su kaɗa kalma, wasu su canka. Mun fi son wannan a kan duk wata gasar haddar ma'anoni.

Gunduwa ta biyu wata 555 ce, amma da babbar kafasita a madadin 104 don ta yi bugu a hankali. A ɗauki ƙafarta ta 3, a bi ta rezista 10k, a kai ƙafa ta 5 ta ƙwayar farko. Yanzu ɗaya ce ke matse hammatar ɗaya, sautin na hawa da sauka da kansa kamar jiniya.

Jiniyar nan ce dalilin gargaɗinmu. A yankin da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba a gwada irin wannan ƙara da dare, kuma ba a yawo da batir da wayoyi a jaka a bi ta shingen jami'an tsaro. A yi aikin a makaranta, da sanin malamin fiziks ko ƙungiyar JETS, mata da maza, a bar kayan a ofishinsa. Batir kaɗai za a taɓa, ban da wutar soket, ban da buɗe tsohuwar talabijin, don tana riƙe wuta ko an cire ta daga bango. Wanda tasa ta ƙi yin ƙara ya fara duba ƙafa ta 4, ita aka fi mantawa.