A ba yaran Karewa titi ɗaya su yi tseren keke

Duk shekara hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana tara 'yan shekara 17 da 18 su fafata a cikin fili na musamman da ake kira belodirom. A 2021 an yi gasar a Alƙahira, a 2023 a Cali ta Kolombiya, a 2024 kuma a Luoyang ta ƙasar Sin. Filin zagaye ne na mita 250, kwanoninsa a jirkice suke sosai, ta yadda wanda ya rage gudu zai iya zamowa ƙasa. Keken kuwa ba birki, giya ɗaya ce, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa.

Najeriya tana da irin wannan fili a Abuja, cikin babban filin wasa na Moshood Abiola, tun wasannin Afirka na 2003. A can aka yi gasar nahiyar Afirka a 2022. Amma wa ya shirya ɗan Adamawa ya hau shi? Yaron da ba a fara horar da shi yana shekara 12 ko 13 ba, da wuya ya kai ga waccan gasa ta duniya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaran kuwa muna da su. Ka bi ta unguwar Karewa a Jimeta da la'asar ka gani: wani ya ɗaga tayar gaba yana tafiya a kan ta baya, wani ya goyo ƙaninsa a kariya yana tsere da Keke Napep. Ga mai faci a gindin darbejiya, ya tsoma tiyub a ruwa yana neman inda kumfa ke fita, yara sun kewaye shi kowa na jiran nasa. Ƙarfin ƙafa da rashin tsoro suna nan. Abin da babu shi ne mai koyarwa, da hular kwano, da wurin da mota ba za ta buge su ba.

Ba na cikin masu cewa a gina belodirom a Yola. Kuɗin ya yi yawa, kuma mun ga abin da ya sami 'yar tseren keken Najeriya Ese Ukpeseraye a gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keken fili kafin ta shiga tseren. Gini ba ya amfani idan ba a kula da ɗan wasa ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ta rufe titi ɗaya a Karewa ranar Asabar da sassafe, kafin zafin Yola ya taso. Makarantun Jimeta, daga Doubeli zuwa Jambutu, su kawo yaransu maza da mata, a riƙa ɗaukar lokacin kowa da agogo. Waɗanda suka yi fice a kai su gasar matasa ta ƙasa, a hutun makaranta kuma a tura su Abuja su saba da filin.

Iyaye, ku daina ganin keke a matsayin wasan banza. Kwamishina, titi da agogo da mai horarwa ba su fi ƙarfin kasafin jiha ba. A fara bana.