Saran Maciji: Tsakanin Gona Da Ƙofar Asibiti

A cikin shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta tsara shirin rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030. Bisa lissafinta, mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya ta wannan hanya. Mu nan Arewa ba sai an karanta mana lissafi ba. Duk wanda ya san asibitin saran maciji na Kaltungo, a Jihar Gombe, ya san yadda yakan cika lokacin shuka da lokacin girbi, galibi kuwa da manoma da makiyaya da yara.

Maganar da aka fi yi ita ce ta allurar kashe dafi, da tsadarta da ƙarancinta. Gaskiya ne. Kamfanin Sanofi ya daina yin wadda ake kira Fav-Afrique a 2014, ragowarta kuwa lokacinta ya ƙare a 2016. Wannan nauyin Gwamnati ne, muna kuwa fata a riƙa saye a ajiye tun ruwa bai sauka ba. Amma akwai abin da ba ya bukatar ko kwabo, watau abin da ake yi wa mutum tun daga inda aka sare shi har ƙofar asibiti. A nan ne ake ɓata rawa da tsalle.

Macijin da ya fi kisa a ƙasarmu shi ne kububuwa, wadda ake wa kirari gobe da nisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Shi ya sa likita yakan ɗebi jinin majiyyaci ya zuba cikin tsabtatacciyar kwalba busasshiya, ya jira minti 20, in bai daskare ba ya san dafi ya shiga jiki. To, mutumin da jininsa ke cikin wannan hali, shi ne 'yan'uwa ke kira wa wanzami ya tsattsaga wurin saran da aska! Sun buɗe ƙofa ke nan wadda ba su iya rufewa. Haka nan ɗaure ƙafa tam da igiya ko roba: jini ya kasa gudana, nama ya mutu, wanda da zai warke sarai sai a yanke masa ƙafa. Tsotsa da baki da ɗora baƙin dutse ba su fid da dafi, sai dai su cinye lokaci. Ba mu ce masu yin haka mugaye ne ba, ƙauna ce ta sa su, da abin da suka taras.

Abin da ya kamata kaɗan ne. A janye mutum daga wurin macijin, a kwantad da hankalinsa, a cire masa zobe da awarwaro da takalmi tun wurin bai kumbura ba. A ɗora gaɓar da sanda kamar yadda ake wa karaya, sako-sako, don kada ta motsa. Sa'an nan a ɗauke shi, kada a bari ya taka. In yana amai a kwantad da shi ta gefe. Kada a ba shi asfirin, don tana ƙara zubar jini. In kumurci ne ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Wanda kububuwa ta sara yakan tashi garau a ranar farko, sai daga baya dasashi ya soma jini, saboda haka kada a ce a kwana a gani.

Wa zai kai wannan ilmi ƙauye? A ganinmu malaman makaranta ne, da ma'aikatan hakimai da dagatai, domin su ake tambaya in abu ya faru. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana koyad da taimakon farko, 'yan Sikawut ma haka. Muna roƙon kowane hedimasta ya gayyato su kafin damina, a ware sa'a guda, a sa yara su gwada ɗori da ɗaukar majiyyaci a filin makaranta. A kuma rubuta wa kowane dagaci sunan asibiti mafi kusa wanda ke da allurar a hannu, gama ba kowane asibiti ke ajiye ta ba.