Asirin Ƙasa Ko Asirin Masu Mulki?

Bahaushe yakan roƙi Allah Ya rufa masa asiri, don ya san tonon asiri ba abin wasa ba ne. To, amma a hannun hukuma asiri iri biyu ne, kuma doka ba ta cika rarrabe su ba. Akwai wanda in ya tonu sojoji za su hallaka a fagen fama, akwai kuma wanda in ya tonu shugabanni ne kawai za su sha kunya.

Mu dubi abin da ya auku a Amurka cikin 1971. Wani masani mai suna Daniel Ellsberg ya kwafi rahoton asiri na ma'aikatar tsaro game da yaƙin Biyetnam, mai shafi wajen 7,000, ya miƙa wa jaridar New York Times. Rahoton nan tarihi ne daga 1945 zuwa 1967, ya kuwa nuna yadda gwamnatoci bi da bi suka yi ta gaya wa jama'a abin da su kansu ba su gaskata ba. Gwamnatin Nixon ta garzaya kotu don a hana bugawa, amma alƙalan Kotun Ƙoli 6 daga cikin 9 suka ce hujjarta ba ta isa ba.

Jarida ta tsira, shi mutumin fa? Gurfanar da shi aka yi bisa dokar leƙen asiri ta 1917, yana fuskantar ɗaurin shekara 115. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da lauyansa ya tambaye shi dalilin abin da ya aikata, sai alƙali ya hana shi amsawa, wai dalili ba ya cikin shari'ar. An kori ƙarar a 1973, musamman domin an gano 'yan barandan fadar shugaban ƙasa sun fasa ofishin likitansa, ba wai kotu ta ce yana da gaskiya ba. Da wannan dokar dai aka tuhumi Edward Snowden a 2013.

Ni a ganina, dokar da ke auna ɗan leƙen asirin abokan gaba da mai faɗakar da 'yan ƙasarsa da mudu ɗaya gurguwa ce. Kamata ya yi a tilasta wa gwamnati ta nuna ɓarnar da tonon ya jawo, a kuma bar wanda ake tuhuma ya faɗi dalilinsa.

Kada kuma mu ɗauka ciwon na Amurka ne kaɗai. A nan gida, Dokar Soja ta 4 ta 1984 ta hukunta ko da labarin gaskiya ne, muddin zai jawo wa gwamnati raini. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, a kan labarin naɗin jakadu kawai.