RA'AYINMU: Allurar Tsai Da Jinin Haihuwa Ta Isa Gwantu Da Ƙarfinta

Tsohuwar al'ada ce a wurin mutanenmu mazauna Kurmi, idan cikin mace ya tsufa, sai maigida ya sa ta a mota ta tafi gida goyon ciki. Daga Agege da Idi-Araba a Ikko, daga Sabo a Badun, har daga Fatakwal, mata da yawa sukan nufi Gwantu da Fadan Karshi da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Sanga, su haihu a gaban iyayensu. Shi kuwa maigida sai ya aika da kuɗin atamfa da na ragon suna, ya zauna yana sauraron waya. Abin da muke so mu jawo hankalinsa a kai yau wata 'yar kwalba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuɗinta bai kai na ƙafar ragon ba, amma sau da yawa ita ce takan raba tsakanin taron suna da zaman makoki.

Sunan maganin oksitosin. Tun kafin likitoci su san shi Allah ya ajiye shi a jikin ɗan Adam. A gindin ƙwaƙwalwa ake yinsa, sa'an nan wani ɗan ƙulli mai kamar ƙwayar wake ya riƙa sakinsa cikin jini. Shi ke sa mahaifa ta riƙa matsewa lokacin naƙuda, shi ne kuma ke zubo da nono idan jinjiri ya kama mama. Wannan ne dalilin da ya sa mai jego takan ji mararta tana murɗawa sa'ad da take shayarwa. Wani masani na Ingila, Henry Dale, shi ya gano aikinsa a kan mahaifa a 1906. A 1953 kuma Vincent du Vigneaud na Amurka ya haɗa irinsa a ɗakin bincike, har aka ba shi kyautar Nobel a 1955.

Ga inda amfaninsa yake. Idan mabiyiya ta rabu da mahaifa, takan bar hanyoyin jini a buɗe, kuma babu abin da ke toshe su sai matsewar mahaifar kanta. In ta yi sanyi ta ƙi matsewa, sai jini ya ɓalle, kuma mace mai ƙoshin lafiya tana iya rasuwa cikin kamar awa 2. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowace mace wannan allura da zarar ɗa ya faɗo, ba sai an jira jini ya ɓalle ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kamar 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini tana cikin manyan sanadai.

To, sai dai maganin nan yana da tasa larura: ba ya son zafi. Wajibi ne a ajiye shi cikin sanyin firji, tsakanin awo 2 da 8, tun daga masana'anta har zuwa hannun ungozoma. Wanda duk ya san zafin bazara da halin wutar lantarki a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. A wani bincike da Hukumar NAFDAC ta yi tare da abokan aikinta, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, kusan uku cikin kowane huɗu na kwalaben da aka gwada a Nijeriya sun kasa cika ƙa'idar ƙarfin magani. Kwalba tana nan da kyaunta, rubutu yana nan, amma abin da ke ciki ya sane. Ungozoma ta yi allura, jini bai tsaya ba, ta ƙara, sa'an nan a shiga neman mota cikin dare, wataƙila da damina, a nufi Kafanchan da macen da jininta ke ƙarewa.

Akwai kuma ɓarnar da mu muke jawo wa kanmu. Wannan maganin shi ne jama'a ke kira ruwan naƙuda. Idan naƙuda ta daɗe, wasu sukan kira mai kemis ya zo gida ya yi allura don a gaggauta haihuwa. Wannan ganganci ne. Maganin da ke ceton uwa bayan haihuwa yana iya fasa mahaifa ko ya shaƙe ɗa idan aka yi shi ba bisa awo ba alhali ɗan yana ciki. A asibiti kaɗai ake yin haka, a ƙarƙashin idon wanda ya koya.

Jaridun Turawa sun yi shekaru suna kiran oksitosin maganin soyayya, musamman bayan wani gwaji da aka yi a Zurich a 2005, inda aka ce waɗanda suka shaƙe shi sun fi amincewa da mutane. Amma da aka gwada shi a 2021 a kan yara 290 masu larurar otizim a Amurka, bai fi ruwan banza amfani ba. Mu dai wannan zance bai dame mu ba.

Binciken da ya shafe mu shi ne wanda aka yi da matanmu. A 2018 an buga sakamakon gwajin wani ɗan'uwan wannan magani, kabetosin, wanda ke jure zafi, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 har da Nijeriya, aka ga yana hana zubar jini kamar oksitosin ba tare da bukatar firji ba. A 2023 kuma wani gwajin a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, ya nuna cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'aunin jini, aka kuma haɗa magunguna gaba ɗaya da zarar an ga jinin ya kai haddi, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kashi 60 cikin 100.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna ta wadata ɗakunan haihuwa na Gwantu da ƙauyukanta da maganin nan mai jure zafi da ledar awo, ta kuma tabbatar da cewa Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma ta Kafanchan tana koyar da wannan sabuwar hanya. Ƙungiyoyin raya gari da ke Kurmi, waɗanda ba sa kasa tara kuɗin bikin ƙarshen shekara, suna iya saya wa ɗakin shan magani na garinsu firji mai aiki da hasken rana.

Kai kuma maigida, kafin ka sa iyalinka a mota, ka yi magana da surukarka a kan inda za a haihu. Ka ware kuɗin mota daban da na rago, ka samu ɗan'uwa biyu da za su ba da jini in bukata ta taso, ka kuma ce da wanda zai raka ta ya duba da idonsa cewa daga firji aka ɗauko allurar.