Kofin Zoɓo da Guntun Kanwa

A hutun da ya wuce na je gida Tambuwal, na sauka wurin ƙanwata. Ranar Asabar da hantsi tana tace zoɓo, sai ɗiyarta mai shekara biyar ta ɗebi kaɗan a kofi ta jefa guntun kanwa a ciki. Jan ruwan ya dushe, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Uwar ta daka mata tsawa: "Ke! Ɓarnar taki za ki soma?" Na roƙe ta ta dakata. Na matsa lemun tsami a kofin, ruwan ya ɗan yi kumfa, jan ya dawo. Yarinyar ta zaro ido ta ce, "Kawu, me ya sa?"

Abin da ta gani shi ne abin da ake koya wa ɗaliban sakandare a darasin sinadarai. Launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsami ko kanwar abin da ya gauraya da shi, aikin da takardar litimus ke yi ke nan. Kumfar kuwa iska ce da ke fita idan tsami ya gamu da kanwa. Ni har na gama sakandare ban taɓa riƙe litimus a hannuna ba. Zana ta aka yi mana a allo, muka haddace, muka ci jarrabawa, muka manta.

Ban yi wa yarinyar wannan bayani ba, domin ba sunaye take bukata ba tukuna. Kofuna muka jera: ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan randa. Kafin a zuba kowanne a zoɓo sai ta canki launin da zai fito. Ta ci biyu, ta faɗi ɗaya, kuma wanda ta faɗin ne ya fi ɗauke mata hankali.

Laifinmu, mu iyaye masu ilimin boko, shi ne muna ɗaukan kimiyya a matsayin abin da ke kulle a ɗakin gwaji, sai gwamnati ta kawo mabuɗi. Alhali randa tana kusan kowane tsakar gida daga Dogon Daji har Kebbe, kuma yara nawa ne aka taɓa tambaya me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Wannan dai sanin ne malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don kayan lambu su daɗe ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Haka yaron da ke ƙera motar kara. Yana auna tsawo, yana gano cewa in ƙafa ɗaya ta fi sauran girma motar za ta karkace. Mu kuma sai mu kore shi don ya cika gida da shara, mu miƙa masa waya ya yi shiru.

Ba kira nake a cire yara daga makaranta ba, kamar yadda wasu iyaye ke yi a Amurka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu, kuma jiharmu ƙarin yara take bukata a aji. Magana nake a kan shekarun da ke gaban firamare da sa'o'in bayan tashi. Koyarwa a cikin gida kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar da Nana Asma'u ta riƙa tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata. Sai dai a lura: sodar haɗa sabulu da maganin feshi ba kayan wasa ba ne, ruwan toka ma a kiyaye shi da ido.

Kafin in taho mun shuka wake a gwangwani uku: ɗaya a tsakar gida, ɗaya ƙarƙashin gado, ɗaya ba ruwa. Shekaranjiya uwar ta kira ni, ta ce na ƙarƙashin gadon ya fi tsawo amma ya ɗashe, yarinyar ta hana ta sakat da tambaya. Na ce kada ta faɗa mata komai, su fitar da shi rana su duba ranar Juma'a.